Shekarar da Na Yi Goyo a Zaune

Murfin tukunya ne ya riga ni faɗuwa. Har yau in na rufe ido ina jin ƙararsa yana juyi a daɓen kicin, yana raguwa a hankali har ya kwanta. Daga nesa na ji shi, kamar a flat ɗin maƙwabta abin ya faru, har na ce a raina wace mai sakaci ce wannan. Da na buɗe ido sai ga ƙafar tebur dab da hancina, kuncina a kan sanyin ƙasa, miyar kuka tana ta tafasa a samana ba mai kula da ita, Babanku kuma a durƙushe yana tofa mini addu'a, hularsa a karkace. Abin da na fara ce masa shi ne ya rage wutar, miya za ta kama.

Na ɗauki alƙalami a kan wannan shekarar ne saboda gardamar da na ji kuna yi ranar Sallar da ta wuce, kuna tsammanin na yi barci a kujera. Sadiq ya ce Baba ne ya hana ni azumi, autata Maryam ta ce a'a, likita ne. Duk ba haka ba ne. Babu wanda ya hana ni. Ni na ajiye shi da hannuna, kuma ina so ku san abin da na karɓa a madadinsa tun ina da ran faɗa muku.

Bayan ranar murfin tukunya, suman ya mai da ni kamar gidan haya, yana zuwa sanda ya ga dama. Ya kayar da ni a tashar bas ta Woolwich, unguwarmu a nan London, da ledar kayan miya a hannu, tumatir ya bi titi. Ya kayar da ni a wajen walimar suna, a tsakiyar mata. Kafin ya zo sai in ji gumi mai sanyi a ƙeya, kunnuwana su ɗauki shuu, duniya ta tsuke kamar ina leƙen ta ta kafar allura. A asibiti suka manna mini wayoyi a ƙirji, suka ɗaure ni a wani gado da ake tayar da shi tsaye da mutum a kai, suka tsaya suna kallona har na sume musu. Sai likita ya ce zuciyata ƙalau take. In na daɗe a tsaye, ko zafi ya yi yawa, ko ƙishirwa ta kama ni, jini ne ke taruwa a ƙafafu, kai ya rasa rabonsa, jiki ya kwantar da kansa da ƙarfi. Ya ce ciwon ba ya kisa, sai dai abin da mutum ya faɗa a kansa ya yi masa illa. Matan da suka zo dubiya kuwa kowacce da nata likitancin. Wannan ta ce iska ce, waccan ta kawo zuma da habbatus-sauda, wata ta ja ni gefe ta tambaye ni ko na zubar da ruwan zafi a magudana ba bisimilla. Na sha zumar, na gode musu.

Sai kuka kewaye ni da ƙauna, kuma ƙaunar nan ce ta zaunar da ni. Sadiq ya zo da sukudireba ya cire sakatar banɗaki. Maryam ta ɗauke katin bas ɗina ta ce ta adana mini. Babanku, wanda tun da muka zo ƙasar nan bai san inda ake ajiye gishiri ba, ya karɓe kicin, muka yi ta cin tuwo mai gudaji muna yaba masa. Aka jawo babbar kujerar nan kusa da taga aka ce nan ne wurina. A kanta nake cin abinci, a kanta nake lazimi, a kanta nake sallah. In na yunƙura don in gyara labule sai muryoyi uku su tashi lokaci guda.

"Umma, zauna! Me kike so a kawo miki?"

Watanni suka shuɗe ban faɗi ko sau ɗaya ba. Duk wanda ya bugo waya daga gida sai a ce masa Hajiya ta samu sauƙi sosai. Ni ma haka nake cewa. Ina kallon jiragen ƙasa suna wucewa ta taga, na san lokacin da matar flat ɗin ƙasa take fita da karenta, na san yaran da ke makara zuwa makaranta. Ban faɗi ba, gaskiya ne. Wanda ke zaune ina zai faɗa?

A cikin watannin nan ne Yayarku ta samu cikin fari. Kun lura ko a takardar nan ban rubuta sunanta ba, kuma ba zan rubuta ba. Ku da kuka tashi a nan kun sha yi mini dariya a kan haka, amma a gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta jan shi a jiki a gaban mutane, ba ta yabon sa. Kunya ce. Tana 'yar shekara tara ta taɓa dawowa daga makaranta ta tsaya a bakin kicin ta tambaye ni da Turanci me ya sa nake kiran kowa da sunansa ban da ita. Na ce ta je ta cire kayan makaranta. Ni ma 'yar fari ce, haka Innata ta yi mini, kuma ban san taushin hannunta ba sai da na haihu na koma gida wanka. Kwana arba'in tana gasa mini jiki, tana dama mini kunun kanwa, tana wanke jaririyata tana yi mata waƙa ƙasa-ƙasa. Duk abin da ta ƙi faɗa mini a shekara ashirin, a kwanakin nan hannunta ya faɗa. Tun daga lokacin nake ajiye nawa a raina, ina jiran ranar da Allah zai kawo ni wannan matsayi. Ita ce kaɗai ƙofar da al'ada ta bar mini a buɗe zuwa ga yarinyar nan.

Wata rana da hantsi ta zo duba ni, wayarta ta yi ƙara, ta shiga lungun ƙofa tana magana da mijinta. Flat ɗinmu ba ya riƙe sirri.

"Na riga na yi magana da Gwaggo Asabe ta Edmonton, can zan zauna in na haihu. Umma ba za ta iya ba. Ka yi tunani ta sume da baby a hannu."

Gwaggo Asabe ƙanwar uban mijinta ce, tana zaune can arewacin London, mutuniyar kirki, ba ni da abin cewa a kanta. Kuma yarinyar gaskiya ta faɗa. Da ta dawo falo ta tarar ina jan carbi. Ta ce lafiya dai, Umma? Na ce lafiya lau.

A satin ne ta raka ni asibiti. A sashen masu suma suna da wata al'ada, ba yawan faɗuwa kaɗai suke tambaya ba, suna so su auna yadda mutum yake jin daɗin zamansa a duniya. Bayan tambayoyi a kan tsoro da fita da aikin gida, sai su nuna maka wani layi kamar ma'aunin tela, daga sifiri zuwa ɗari. Sifiri shi ne mafi munin hali, ɗari kuma cikakkiyar lafiya, a ce ka nuna inda kake. Na dubi layin. Ina da ido, ina da ji, ina da miji da 'ya'ya, ina da abin da zan ci, a ɗakin jira kuma na ga wata da aka turo a keke ko kanta ba ta iya ɗagawa. Da wane baki zan ce wa Ubangijina ina ƙasa? Ga kuma 'yar fari zaune a gefena da cikinta, tana kallon hannuna. Na ɗora yatsa a kan casa'in, na ce alhamdulillahi. Likita ya yi murmushi ya ce madalla, tunda ba na faɗuwa kuma ina jin daɗi haka, a ci gaba da duk abin da ake yi a gida, kada a canza komai. A bas muna dawowa Yayarku tana ta murna tana aika muku saƙo. Ni kuwa na gane cewa da yatsana na ƙara wa kujerar nan ƙusa.

Zuwa na gaba ya faɗo ranar da take da awon ciki, sai Babanku ya kai ni. Nas ɗin da muka tarar baƙa ce, gajera, mai faɗin fuska, ta dubi sunana ta dube ni, sai kawai na ji Hausa. Sista Fuseina, 'yar zangon Kumasi a ƙasar Ghana. Hausarsu ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne, har sai da na danne dariya.

"Hajiya, ka zo lafiya? Zauna, zauna. Na ga wancan zuwa ka ba kanka casa'in. Ni da nake yawo da ƙafa biyu tun asuba ban kai casa'in ba. Ka ba ni sirrin."

"Godiyar Allah ce, Sista."

"Allah ya ji godiya, ya karɓa. Ni ba godiya na tambaya ba. Yaushe rabon ka dafa abinci?"

Babanku ya gyara zama ya ce ai shi ke girki yanzu. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Alhaji, Allah ya ba Hajiya haƙuri." Har shi sai da ya yi dariya. Ta juyo kaina, ta ajiye biro, ta ce in manta da layin, in gaya mata abin da na bari tun da ciwon ya zo. Na fara a hankali kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Na bar girki. Na bar kasuwa. Na bar zuwa karatun mata na ranar Asabar. Ina wanka ƙofa ba sakata, 'yata tana tsaye a waje tana kiran Umma, Umma, kamar ni ce yarinyar. Goshina ya manta da ƙasa, don a kujera nake sujada da ishara. Ina faɗa Babanku yana sunkuyar da kai. Sai ta ce, a cikin duk wannan, in za a mayar mini da abu ɗaya, wanne zan ɗauka? Ban shirya ba, bakina ya riga ni.

"Jaririn. Ina so in wanke jikana."

Daga nan kuka ya ƙwace mini, irin wanda ban yi ba tun rasuwar Inna. Sista ta bar ni na yi mai isata, sannan ta turo mini layin nan. Na sa yatsa a kan talatin, ina istigfari a zuci. Ta ce, "Yauwa. Yanzu mun samu wurin fara aiki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Hajiya."

Ta kira likita suka zauna da mu. Ashe akwai abubuwa da yawa da ba a matsa mini a kansu ba, tunda na ce ina jin daɗi. Aka koya mini in na ji gumin nan in harɗe ƙafafu in matse jikina, in bai tafi ba in kwanta a take ko a ina nake, in ɗaga ƙafa sama, ba ruwana da idon mutane. Aka ba ni safa mai matse ƙwauri, aka ce in ƙara gishiri, in riƙa tsayuwa jingine da bango kullum ina ƙara lokaci kaɗan-kaɗan. Uwa-uba ruwa, daga safe har dare, kada in bari ƙishirwa ta same ni. Aka ce za a iya wankan jariri a ƙasa, a zaune, da wani babba a kusa. Sai Babanku ya yi lissafi da yatsu. Haihuwar za ta faɗo a farkon azumi, azumin kuma na tsakiyar bazarar London ne, wanda rana ke ƙin faɗuwa har mutum ya fara tunanin ko an manta da ita. Likita bai ce kada in yi ba. Ya ce zaɓi nawa ne, amma in zan yi azumi to in koma kujerata, kada in ɗauki jariri.

Ba mu wuce gida kai tsaye ba. Muka zauna a benci a bakin kogi, iska tana kaɗa mini mayafi. Tun ina 'yar shekara goma sha biyu ban sha azumi ba sai da lalurar mata. Shi ne abin da nake ganin na iya a ibada, ni da ban yi zurfin karatu ba.

"Alhaji, in na sha azumi saboda son raina fa?"

"Son ranki ne ya kayar da ke a tashar bas? Ke mara lafiya ce, Hajiya, an yi miki sauƙi, kin ƙi karɓa. Zan tambayi malam don hankalinki ya kwanta." Sannan ya ƙara da cewa, "Ni kuma ki yafe mini. Na ɗauka tsare ki nake yi."

"Tuwon ne dai ban yafe ba."

Malam ya ce in sha, in rama in na samu iko, in ciwon ya zama na zama da shi kuma in ciyar. Na yi istihara, na wayi gari zuciyata ta tsaya a wuri ɗaya. Amma kada ku ɗauka abin ya zo da sauƙi. Ranar farko ta azumi na tashi na dafa muku sahur, da rana kuma na ɓuya a bayan ƙofar kicin da kofin ruwa kamar ɓarauniya, na sha ina hawaye. In an kira magariba kuna kai dabino baki da wannan farin cikin na mai buɗa-baki, ni ina zaune a cikinku da cikakken ciki kamar baƙuwa. Daga baya na gwada ramawa a gajerun ranakun sanyi, jiki ya ƙi. Har yau ciyarwa nake yi, kuma har yau in an ga wata sai kewar azumi ta kama ni.

Babanku ne ya gaya wa Yayarku abin da ya faru a asibiti, ni ba zan iya ba. Ta zo da yamma, ta ƙi zama a kujera duk da nauyin cikinta, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata.

"Umma, me ya sa kika ce casa'in?"

"A gabanki me zan ce?"

"Ni na ɗauka kin ji daɗi da na ce zan tafi Edmonton. Ba ki ce komai ba. Ke dai ba kya cewa komai a kaina."

Na dubi taga. Akwai magana cike da bakina, amma shekara talatin na kunya ba sa narkewa a yamma ɗaya. Na ce mata, "In za ki sayi bahon wanka, ki sayo mai faɗi wanda ake ajiyewa a ƙasa, ban da mai dogayen ƙafafun nan. Ki biya kasuwa wajen matar nan mai kayan gida ki ce ta ajiye mini kanwa da ganyen darbejiya." Ta ɗora kanta a gwiwata. Ban ture ta ba.

Jikana Haidar ya zo duniya azumi yana da 'yan kwanaki, kuma nan gidan aka kawo shi. Ban samu duka ba. Tururin ruwan zafi yana cikin abin da ke kayar da ni, don haka Gwaggo Asabe ce take tasowa daga Edmonton kowace safiya, da azuminta, ta yi wa mai jego wanka. Allah ya saka mata. Ina jin ƙarar ganye da ruwa ta bayan ƙofa, ina jin ciwon ba hannuna ba ne. Amma kunun kanwa ni na dama, ni nake shafa wa 'yata man kaɗanya a baya in ta fito, wankan yaro kuwa nawa ne safe da yamma. Sai a shimfiɗa leda a tsakar falo, in miƙe ƙafafu, gorar ruwan sha a gefena, Babanku a zaune kusa da tawul a kafaɗa kamar ɗan aike.

Cikin sati na biyu abin da ake tsoro ya zo. Yaro yana kan ƙafafuna da sabulu a jikinsa, sai na ji sanyin nan a ƙeya, kunne ya fara shuu. Na ce, "Alhaji, karɓe shi." Ya karɓa. Na kwanta a tabarma na ɗora ƙafafu a kan kujerar nan tawa, duniya ta tafi ta dawo. Da idona ya washe sai na ga Yayarku tsaye a kaina, ta rungume ɗanta a tawul, fuskarta ba jini. Na san in ta juya ta shiga ɗaki da shi, shi ke nan, kuma ba zan ga laifinta ba. Na tashi zaune a hankali, na sha ruwa, ban dube ta ba. Ta daɗe a tsaye. Sai ta durƙusa, ta sa gwiwar hannu a baho, ta miƙo mini shi.

"Umma, ruwan zai huce. Ba ki wanke masa baya ba."

Goyo a tsaye kam an hana ni, kuma ban yi gardama ba. A zaune na goya shi. In ya ƙi barci sai in zauna a tsakiyar katifa, a ɗora mini shi, in ɗaure zane da majanyi, in yi ta rausaya gaba da baya ina yi masa waƙar da Inna ta yi wa uwarsa. Ɗumin cikinsa a bayana, numfashinsa a wuyana. Maryam tana dariya tana cewa wannan mota ba ta zuwa ko'ina. Na ce direban bai yi ƙorafi ba.

Da na koma wajen Sista Fuseina bayan arba'in, na gaya mata na sume a falo, na kuma sume sau ɗaya a layin mai kifi, don na karɓi katin bas ɗina. Ta turo layin. Na yi tunani sosai na sa yatsa a kan saba'in. Ta ce, "Ka faɗi sau biyu ka hau saba'in, da ba ka faɗi ba kana talatin. Hajiya, wannan saba'in ya fi wancan casa'in nauyi." Na ce alhamdulillahi, kuma a ranar babu abin da na ɓoye a bayan kalmar.

Haidar ya tashi yana ganin kakarsa tana kwanciya a inda ba a kwanciya, har abin bai zama masa komai ba. Kamar ku yake, a yi masa Hausa ya amsa da Turanci. Ina kiran sa maigidana, ina tsokanar sa cewa bai taɓa ba ni kuɗin cefane ba. Yana ɗan shekara huɗu muka je kasuwar Woolwich ni da shi da uwarsa, ta shiga shago ta bar mu a waje, rana ta yi zafi. Na ji alamar. Na kwanta a gefen hanya kusa da rumfar mai doya, na ɗora ƙafa a kan wani kwando, mutane suna ratsewa, wata Baturiya tana tambaya ko a kira motar asibiti. Da na dawo hayyacina na tashi zaune, sai na ga yaron ya cire 'yar rigar sanyinsa, ya zo gabana ya juya mini baya ya tsuguna, yana ƙoƙarin zagayo da rigar ta bayana kamar majanyi. Ya waiwayo, da Hausarsa mai tsami ya ce:

"Kaka, ki hau. A zaune za mu yi, ba za ki faɗi ba."